Dogon Zariya Zuwa Ƙauran Namoda: Tarihinsa da Hujjar Kafa Masa Gidan Tarihi da Kuɗin Jama'a

1.0 Gabatarwa



Manufar wannan takarda ita ce ta waiwayi tarihin hanyar jirgin ƙasa wadda ta tashi daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta tuƙe a Ƙauran Namoda, sa'an nan ta kawo hujjojin da suka sa ya wajaba hukuma ta ware kuɗi daga baitulmalin jama'a domin kafa gidan adana kayan tarihin wannan hanya a Gusau. Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu kuwa ƙarami ne. Wata rana ina koyar da darasin tattalin arzikin zamanin mulkin mallaka, sai na tambayi ɗalibaina ko akwai wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Gusau. Ba wanda ya ɗaga hannu. Da na sake tambaya ko me ya sa Gusau, wadda ba ta kai Sakkwato ko Katsina daɗewa da suna ba, ta zama babbar kasuwar wannan yanki, sai aka yi ta kame-kame. Alhali kuwa waɗannan ɗalibai su ne malaman da za su koyar da tarihi a makarantunmu gobe, kuma amsar tambayar tana nan kwance a tsakiyar garin da suke zaune, ciyawa tana rufe ta.

A shekarar 2027 ne dogo ke cika shekara 100 da isowa Gusau, a 2029 kuma ya cika shekara 100 da isa Ƙauran Namoda. Ina ganin babu lokacin da ya fi wannan dacewa da a tayar da maganar.

2.0 Yadda Dogo Ya Shigo Ƙasar Hausa

Kafin zuwan Turawa, fatauci a wannan yanki bisa ƙafa da bayan dabba yake. Ayarin fatake, madugu yana gaba, shi ke ɗaukar kayan saƙa da fatu da kanwa da gishiri daga zango zuwa zango, har Gwanja inda ake sayo goro. Tafiyar da ake yi da jaki da takarkari da raƙumi tana cin watanni, saboda haka kayan da ke da daraja da rashin nauyi ne kawai suka cancanci a kai su nesa. Ba wanda zai ɗauki buhun gyaɗa daga Zamfara zuwa bakin teku ya ci riba.

Turawan Ingila sun fara shimfiɗa dogo ne daga Ikko, watau Legas, a ƙarshen ƙarni na 19, ya kuwa isa Badun a 1901. A Arewa, babban aikin farko shi ne dogon Baro zuwa Kano, wanda aka fara a 1907 a zamanin Gwamna Percy Girouard, mutumin da shi kansa injiniyan hanyar jirgi ne. Dogo ya shiga Kano a 1911, a 1912 kuma aka haɗe shi da na Ikko suka zama hukuma guda. Bayan haka sai rassa suka biyo baya. An buɗe ƙaramin dogon Zariya zuwa Jos a 1914 saboda kuza, an gama gadar Jebba a kan Kogin Kwara a 1916, hanyar gabas kuma, wadda ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu inda ake haƙar kwal, ta haɗu da ta Arewa a 1927, ko da yake gadar Makurɗi a kan Binuwai sai a 1932 aka gama ta.

Ya kamata a lura da abu biyu game da waɗannan ayyuka. Na farko, kuɗin da aka yi su da shi mafi yawansa rance ne da gwamnatin mulkin mallaka ta ciwo, aka kuma biya shi daga kuɗin shigar ƙasar nan, watau daga kuɗin fito da haraji da jangali da talakawa suka biya. Na biyu, ƙarfin da ya sare daji, ya fasa dutse, ya ɗauki ƙasa a ka, na talakawan nan ne. A aikin Baro zuwa Kano, ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara leburori, kuma masana tarihi sun nuna cewa da yawansu ba da son ransu suka tafi ba. Wannan aiki ya girgiza mutanen zamanin har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920, ya tsara masa waƙar nan da aka sani da Waƙar Diga.

3.0 Reshen Zariya Zuwa Ƙauran Namoda

Dalilin da ya sa Turawa suka karkato da dogo zuwa arewa maso yammacin Zariya a shekarun 1920 shi ne auduga, ko kaɗa kamar yadda muke cewa a nan. Tun a 1902 masu masaƙun Lankasha suka kafa wata ƙungiya a Manchesta, wadda aka fi sani da BCGA, Hausawa kuma suka kira ta Bisije, domin neman inda za a noma musu auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka, don su rage dogaro da Amurka. Sun sa rai ƙwarai a kan Kano, amma da dogo ya isa can, sai manoma da attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka ga gyaɗa ta fi riba, audugar da ake nomawa kuma masaƙan gida suka ci gaba da saye. Saboda haka sai ido ya koma kan ƙasa mai laka da ke kudancin Katsina da gabashin Lardin Sakkwato, inda auduga ke yi sosai.

Dogo ya iso Gusau a 1927, bayan tafiyar kimanin kilomita 170 daga Zariya, ya kuma isa Ƙauran Namoda a 1929. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, kamar sauran manyan hanyoyin ƙasar na wancan zamani. Shekara guda bayan haka, a 1930, aka gama reshen Kano zuwa Nguru. A Ƙauran Namoda aka tsaya, kuma duk da an sha yin maganar ƙarasa shi zuwa Sakkwato a zamanin gwamnatoci daban-daban, har yau dogo bai kai birnin Shehu ba. Wannan tsayawa ita ta mayar da Gusau da Ƙauran Namoda ƙofofin da kayan Lardin Sakkwato gaba ɗaya ke fita ta cikinsu.

Garuruwan da dogon ya ratsa ba sababbi ba ne. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Gusau a zamanin jihadi, kuma har yau sarautar garin Sarkin Katsinan Gusau ce. Tsafe tana riƙe da sarautar 'Yandoto, sunan tsohon garin malaman nan da ya shahara da ilmi tun kafin jihadi. Ƙauran Namoda ta samo sunanta daga Namoda, jarumin jihadi a Zamfara. Abin da dogo ya yi shi ne ya sāke wa waɗannan garuruwa matsayi, ya ɗaga wanda ya bi ta ƙofarsa, ya bar wanda ya kauce wa a baya.

4.0 Abin da Dogo Ya Sauya

Sauyi na farko a noma ne. Haraji da kuɗin Turawa ake biyansa, ba da wuri ko dawa ba, don haka dole manomi ya noma abin da kamfani zai saya. Manomin Karakkai ko na ƙauyukan Bunguɗu da Tsafe, wanda wataƙila bai taɓa shiga jirgi ba, sai ga rayuwarsa ta ɗauru da tasha. Da kaka yakan ɗora kaɗa ko gujiya a kan jaki ya kai fuloti, a aza a sikeli, 'yan baranda da 'yan kamasho suna tsakaninsa da kamfani, kowa da ladarsa. Daga fuloti auduga ta wuce gidan gurza a Gusau ko Funtuwa, a raba ta da gurya, a ɗaure ta, a loda a tarago sai bakin teku. Farashin da aka yanka a Libaful shi ke yanke ko zai iya biyan haraji ya yi wa ɗansa aure a wannan shekara. Daga 1949 kuma sai hukumomin sayen amfanin gona suka karɓi yanka farashi, a 1954 aka mayar da su hukuma guda ta Jihar Arewa, kuma rarar da wannan hukuma ta tara daga gumin manoma ta shiga ayyukan raya ƙasa na gwamnatin Arewa.

Sauyi na biyu a zaman gari ne. Kusa da tasha kamfanonin Turawa suka kafa kantuna da rumbunan ajiya, Kwarori suka biyo su, ma'aikatan reluwe da akawuna da masu sana'a daga ƙasar Yarbawa da ta Ibo da sauran sassan ƙasa suka zo suka zauna, Sabon Gari ya kafu. Haka kuma Hausawan wasu lardunan suka yi ta kwararowa neman dako da ƙwadago da ciniki. Gusau ta zama gari mai baƙi da harsuna iri-iri, kuma a kan wannan harsashi ne aka kafa masaƙar Zamfara a shekarun 1960. Idan aka tambayi dalilin da ya sa, da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ce ta zama hedikwata, to lalle wani babban ɓangare na amsar yana tasha.

Sauyi na uku a tunani da harshe ne. Jirgi ya zo da agogo da tikiti da wayar tangaraho da albashin wata. Ya kawo kalmomi irin su tasha da tarago da reluwe da loko da diga da lebura, waɗanda yanzu suka zama Hausa tsantsa. Ya kuma kawo ƙungiyar ƙwadago, domin ma'aikatan reluwe, a ƙarƙashin Michael Imoudu, su ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945, wanda ya ɗauki fiye da kwana 40, ya kuma nuna wa Turawa cewa ma'aikacin Ikko da na ƙarshen dogo a Arewa suna iya magana da murya guda. Ta jirgi ɗalibai suka tafi makarantun Zariya da Kaduna, ta jirgi aka ɗebi sojoji zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, ta jirgi goro ya riƙa zuwa daga kudu, shanu kuma suna gangarawa.

Ba alheri kaɗai dogo ya kawo ba. Ya karya fataucin ayari, ya cika kasuwa da yadin Ingila wanda ya raunana masaƙa da marina na gida, ya kuma ɗaure manomi ga kasuwar da ba shi da ta cewa a cikinta. An shimfiɗa shi ne domin kwasar albarkatu zuwa teku, shi ya sa duk rassansa kudu suka nufa, babu wanda ya haɗa Gusau da Katsina ko da Sakkwato. Gidan tarihin da nake kira a kafa dole ne ya faɗi wannan duka.

5.0 Lalacewar Hanyar

An kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya a 1955, aka kuma ƙarasa dogo zuwa Maiduguri a 1964, tsawon hanyoyin ƙasar ya kai kimanin kilomita 3,500. A wannan shekara ta 1964 jiragen ƙasa sun ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Shekara 10 bayan haka, a 1974, fasinja sun ragu zuwa miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma tan miliyan 1 da kaɗan. Dalilan wannan faɗuwa sanannu ne. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya raba hukumar da ƙwararrun ma'aikata da yawa ya kuma lalata hanyar gabas. Kuɗin man fetur ya karkata hankalin gwamnati ga titunan mota, manyan motoci suka ƙwace kaya. Farin 1972 zuwa 1974 da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975 suka kawar da dalar gyaɗa, a 1986 kuma aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Reshe irin namu, wanda auduga da gyaɗa suka haife shi, shi ya fi jin jiki. An ɗauko ƙwararru daga Indiya sun riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, an kuma yi yunƙurin gyara iri-iri bayan haka, amma jirgin Ƙaura bai koma yadda dattawa suka san shi ba.

Sababbin hanyoyin da aka gina a wannan ƙarni, irin su Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da Ikko zuwa Badun a 2021, da Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinta a 2021, duk masu faɗin dogo ne, tsohon jirgi ba ya iya hawa kansu. Ma'anar wannan ita ce, ko da jirgi ya dawo Zamfara da ƙarfinsa, mai yiwuwa ne da sabon dogo da sabuwar tasha zai dawo, tsofaffin gine-gine da kayan aiki kuma su zama abin da ɗan kwangila zai share. A halin da ake ciki ma, satar ƙarafan dogo domin sayar wa 'yan gwangwan ta zama ruwan dare a sassa da dama na ƙasar nan.

6.0 Me Ya Sa Sai Kuɗin Jama'a?

Hujja ta farko ita ce ta mallaka. Na riga na nuna cewa da harajin talakawa da ƙarfinsu aka gina wannan hanya, da amfanin gonarsu kuma ta rayu. Tashoshi da filayensu a hannun hukumar gwamnati suke. Ashe ke nan abin da ake nema shi ne gwamnati ta kula da kayan da aka ba ta amana, ba wata kyauta za ta yi wa kowa ba.

Hujja ta biyu ita ce, kasuwa ba za ta yi wannan aiki ba. A wurin ɗan kasuwa, darajar tsohon tarago nauyin ƙarfensa ne a sikeli, darajar tsohuwar tasha kuma filin da za a yanka a gina shaguna. Littafin da aka rubuta kayan da suka fita daga Tsafe a shekarun 1950 ba ya da farashi ko kaɗan, sai dai a ƙunshe ƙosai da shi, alhali ga mai nazarin tarihin noma ya fi zinariya. Kuɗin shiga da baƙi za su biya ba zai riƙe gidan tarihi ba, kuma in aka tsawwala shi, 'yan makaranta da aka yi gidan dominsu su ne za su fara kasa shiga. Amfanin gidan tarihi irin na makaranta ne da laburare, yana bazuwa cikin jama'a a hankali, ba wanda zai iya tara shi a aljihunsa.

Hujja ta uku ita ce abin da aka gani a wasu ƙasashe. A Ingila, inda jirgin ƙasa na haya ya fara tafiya tsakanin Stockton da Darlington a 1825, an buɗe gidan tarihin jiragen ƙasa na ƙasa a York a 1975, gwamnati ke tallafa masa, kuma shiga kyauta ne. Kada a ce ai wannan ƙasa ce mai arziki. An buɗe irinsa a Nairobi a 1971, Indiya ta buɗe nata a Delhi a 1977. Misalin da ya fi kusa da halinmu shi ne na Saliyo. An rufe hanyar jirgin ƙasar a 1974, aka sayar da mafi yawan ƙarafanta, amma wasu kawunan jirgi da taragai suka tsira a cikin wata rumfar gyara a Freetown, suka kuma tsallake yaƙin basasar da aka yi daga 1991 zuwa 2002. A 2005, shekara 3 kacal bayan yaƙin, aka buɗe wurin a matsayin gidan tarihi na ƙasa. A nan gida kuwa, akwai Gidan Jaekel a harabar reluwe ta Ebute Metta, wanda wata ƙungiyar sa kai mai suna Legacy 1995 ta gyara a 2010, da kuma kawunan ƙaramin jirgin Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, da aka ajiye a gidan tarihi na Jos. Aikin 'yan sa kai abin yabo ne, amma ƙarfinsa gwargwadon ƙarfin masu yinsa ne, ranar da suka gaji ko suka ƙaura sai ya tsaya.

Na san akwai mai cewa, a jihar da ke fama da 'yan bindiga fiye da shekara 10, inda mutanen ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da dama suka bar gonakinsu, inda makarantu da asibitoci ke neman gyara, maganar gidan tarihi ai ta ƙoshi ce. Wannan magana tana da nauyi, kuma ban ce a rage ko kwabo daga kuɗin tsaro ko na magani ba. Amma ina roƙon a dubi abu biyu. Na ɗaya, makarantar da ba a gina bana ba ana iya gina ta baɗi, amma tsohon direban jirgi ko ɗan dako da ya rasu bana ya tafi da abin da ya sani har abada. Wanda ya kama aikin reluwe yana saurayi a shekarar samun 'yancin kai, yau ya haura shekara 80. Rashin zaman lafiyar nan kuwa shi ne ke watsa dattawa da takardunsu, saboda haka shi kansa dalili ne na gaggawa. Na biyu, yaron da ya tashi bai san komai game da jiharsa ba sai labarin hari da garkuwa, yana da haƙƙin a nuna masa cewa akwai lokacin da amfanin gonar kakansa ke tafiya har Turai, kuma mutane daga ko'ina cikin ƙasar nan suna zuwa Gusau neman arziki. Wannan ma wani ɓangare ne na ilmin da ake bin gwamnati.

7.0 Shawarwari

Ba katafaren sabon gini nake nema ba. Abin da ake bukata yana nan, sai dai a tsare shi a gyara. Ga matakan da nake ganin sun dace, bisa jerin gaggawarsu.

Na farko, a fara da baki kafin ƙarfe. A ware kuɗi kaɗan domin malamai da ɗaliban tarihi da na Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau, da kwalejojin ilmi na Gusau da Maru, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, su ɗauki muryoyin tsofaffin ma'aikatan reluwe da 'yan dako da 'yan baranda da manoma, da matan da suka yi tallar abinci a tasha. Asusun TETFund yana da kason bincike wanda wannan aiki zai iya shiga ciki. Rahotannin Turawa sun adana sunayen injiniyoyi da Razdan da Di'o, amma sunan lebura sai a bakin jikokinsa.

Na biyu, a ƙidaya abin da ya rage a tashoshin Tsafe da Gusau da Ƙauran Namoda da ƙananan tashoshin da ke tsakani: gine-gine, gidajen ma'aikata, tankunan ruwa, sikeli, ƙararrawa, fitilu, alamun hanya, taragai da littattafan aiki. A ɗauki hotonsu, a sa musu lamba, a hana sayar da su a matsayin gwangwan.

Na uku, Gwamnatin Jihar Zamfara ta nemi yarjejeniya da Hukumar Jiragen Ƙasa a ba da aron wani sashe na tashar Gusau na dogon lokaci. Gyaran tsarin mulki da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jiragen ƙasa, don haka ba a iya cewa abin na Gwamnatin Tarayya ne ita kaɗai. Haka kuma a nemi Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda Doka ta 77 ta 1979 ta kafa, ta sanya tashar cikin wuraren tarihin da doka ta kare.

Na huɗu, a samo kwafin takardun da suka shafi wannan reshe daga Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, domin ɗalibinmu ya daina tafiya wata jiha neman tarihin garinsu. Dukkan bayanan da za a liƙa a gidan a rubuta su da Hausa, boko da ajami, sa'an nan Ingilishi ya biyo.

Na biyar, kuma wannan shi ne ginshiƙi, a sanya wa gidan layinsa na kansa a kasafin kuɗin jiha na kowace shekara, domin albashin ma'aikata da gyaran rufi da maganin gara. Mun sha ganin gine-ginen da aka buɗe da kaɗe-kaɗe, bayan damina biyu aka sa musu kwaɗo. Masarautu da attajirai da ƙungiyar tsofaffin ma'aikata suna iya taimakawa, a kuma ba su kujera a kwamitin amintattu, amma taimakonsu ƙari ne a kan na hukuma.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa dogon da ya iso Gusau a 1927 da Ƙauran Namoda a 1929 shi ne ya tsara noma da ciniki da zaman garuruwan gabashin Zamfara na tsawon rabin ƙarni, cewa da dukiyar talakawa da ƙarfinsu aka yi shi, kuma abin da ya rage daga gare shi, na ƙarfe da na takarda da na baki, yana salwanta a kan idonmu. Ta kuma nuna cewa ɗan kasuwa ba zai adana shi ba, ɗan sa kai ba zai iya shi kaɗai ba, sai hukuma. Ina kira ga wannan taro da ya sanya batun cikin takardar bayan taro, ya kuma naɗa 'yan mutane kaɗan da za su kai shi gaban Ma'aikatar Ilmi da hukumar da ke kula da al'adu ta jiha, da Majalisar Dokoki, domin a fara ɗaukar muryoyin dattawa tun bana, a kuma yi bikin cika shekara 100 a cikin tashar da aka gyara.

 Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.